Inci Huɗu na Kujerar Namadi

A bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda akwai wani gida mai koren ƙyaure na ƙarfe. Maigidan sunansa Namadi, direba ne. Matarsa Maimunatu tela ce, kekenta na ƙafa yana ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Akwai mahaifiyarsa Gimbiya, tsohuwa mai yawan tsiya, sai 'ya'ya uku: Rahama mai shekara goma sha ɗaya, da ƙannenta biyu da ba su isa makaranta ba. Ba su rasa tuwo ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa gona ce. Suna da ita a wajen Kurya Madaro, amma damina uku ke nan ba wanda ya iya taka ta saboda 'yan bindiga. Don haka tsohuwar jar motar Namadi ita ta zama gonarsu. Ranar Alhamis yana jigilar masu cin kasuwar Shinkafi, sauran ranaku kuma yana bin hanyar Zurmi. Duk gidan babu wanda zai karɓi sitiyari in ya kasa.

To, a kakar bana Namadi ya fara kasawa.

Ciwon daga ƙugu yake tasowa, ya gangara ta bayan cinyar dama, ya bi sha-raɓa har babban yatsa. Wata rana zafi ne kamar an ɗora garwashi, wata rana kuma ƙafar ta yi shiru kamar ta aro. Ya kai ga yin salla a zaune. Gimbiya ta ce sanyi ne, kullum da hantsi sai ta narka man shanu ta murje masa baya. Maƙwabta suka ce firgita ce ta sauka a jiki, domin kowa ya san tsakiyar damina an buɗe wa motarsa wuta a hanyar Zurmi, Allah ya kuɓutar da shi da fasinjansa. Ya je asibiti, ma'aikacin ya duba shi, ya tambaye shi yadda yake zama a mota. Namadi ya ce, "Yadda kowa ka zama." Aka ba shi ƙwayoyi ya dawo.

Wata Talata yana shiga tashar Zurmi a hankali, ya zo ɗaga ƙafa daga totur ya taka birki, ƙafar ta ƙi tashi. Motar ta gangara ta ture tulin kankanar wani bawan Allah, ta tsaya a jikin katanga. Ba wanda ya ji rauni. Amma washegari bayan La'asar sai ga Jibrin, shugaban direbobin layin, ya yi sallama a zaure. Rahama ce ta kai musu ruwa, kuma da yake ba ta da saurin fita daga inda ake magana, ta ji komai.

"Namadi, jiya kankana ta," in ji Jibrin. "Gobe ba mu san mi na ba. Ka aje mota mako biyu. Laraba ta sama ka zo fili in gwada ka da kaina. In ƙafa ta amsa, ga layinka. In ba ta amsa ba, wallahi ko kai ƙanena na uwa ɗaya ba ni sake ba ka fasinja."

"Na ji, Shugaba."

"Ba don ƙiyayya ba."

"Na sani."

Aka ajiye motar a ƙofar gida, gindin dogon yaro. Kwana huɗu Namadi yana hutawa, sai ciwon ya fara ja da baya. Ya yi Azahar a tsaye. Gimbiya ta riƙa kewaya tsakar gida tana cewa, "Ina masu raina man shanu? Ku fito in gan ku." Rana ta shida, da ya ji ƙarfi, ya ce bari ya gwada kansa. Ya tayar da mota, ya zaga gari, ya ɗan miƙa titin Gusau ya juyo. Bai fi awa ɗaya ba. Da ya dawo, da ƙyar ya fito, ya dafa bango har zuwa tabarma.

"Motag ga," in ji Gimbiya tana girgiza kai, "akwai abin da ash shiga cikinta tun ranar nan. A nemo hayaƙi a yi mata."

Rahama yarinya ce mai tambaya. Ita ce ta taɓa kwance fitilar hannu don ta ga inda hasken yake kwana da rana. Maganar kakarta ta tsaya mata a rai, amma ta wata fuska. In ciwon a cikin mota yake, a ina daidai yake zaune? A sitiyari? A birki?

Ranar Asabar aka ce ta share cikin motar, don kaji sun fara mai da ita ɗakinsu. Da ta gama shara, sai ta yi abin da ta saba yi tun tana ƙarama: ta zauna a kujerar direba, ta kama sitiyari, ta ce "Shinkafi mutum ɗaya!" Ta ɗaga kai ta dubi gaba, sai ta yi turus.

Gidan da ke kallon nasu, gidan su ƙawarta Salima ne, yana da dakali inda awaki ke kwanciya. A ƙaramar sallar bana da ta zauna a nan, ta saman sitiyari take hango dakalin da awakin. Yau ba dakali, ba awaki. Indararon rufin kawai take gani.

"Ko dai na rage tsawo?" ta tambayi kanta. Amma ba zai yiwu ba, don ko a farkon zangon nan sai da Inna ta sauke mata kalmasar rigar makaranta. Ta koma kujerar fasinja ta gaba. Ga dakali, ga akuya tana tuƙa. Ta dawo ta direba. Babu. Ta yi haka sau uku. Sannan ta ruga cikin gida ta zaro tef ɗin awo daga wuyan keke.

"Ina za ki da shi?" in ji Maimunatu.

"Yanzu nika dawowa, Inna."

Ta auna daga mazaunin fasinja zuwa rufi, ta riƙe wurin da farce. Ta auna na direba. Bambancin inci huɗu ne cif. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin kujerar. Ƙafafun ƙarfen guda huɗu duk gajeru ne, kuma kowace tana da tabon walda da aka shafe da koren fenti, irin koren ƙyaurensu. A Ƙaura mutum ɗaya ne ke rufe aikinsa da wannan fenti: Nasidi mai walda, wanda shagonsa ke kallon ƙofar tasha. Ta danna mazaunin da tafin hannu, ta ji ƙarfe nan da nan. Soson ma an rage.

Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta jira har Inna ta tashi ɗora girki, sai ta janye doguwar kujerar ɗinki, ta ajiye 'yar tsuguno a gaban keke, ta zauna. Gwiwoyinta suka taso kusa da ƙirji. Don ta kai ga kan keken sai da ta miƙa hannu sama, ta gantsare wuya. Ta fara taka keken ba zare. Da farko dariya abin ya ba ta. Can sai ta ji ƙugunta ya fara ƙorafi. Ta daure ta ci gaba, har ƙafarta ta fara yi mata tsira-tsira kamar ana soka allurai.

"Ke, za ki kashe min keke!" Maimunatu ta leƙo daga madafi. "Wa ka ɗinki bisa 'yar tsuguno? Kin manta lokacin da anka ari kujerata gidan suna? Kwana ukku niy yi bisa wagga, sai da niy yi mako ban iya duƙawa."

"Ashe haka anka yi," in ji Rahama, ta miƙe tana ɗingishi.

Da ma hannun dutsen gugar gawayi ya kwana biyu da ɓallewa. Rahama ta ce bari ta kai wa Nasidi. Uwar ta dube ta da mamaki, don ba ta saba roƙon aike ba, amma ta ba ta.

Nasidi gajere ne mai faɗi, rigarsa duk hudar tartsatsi. Ya karɓi dutsen gugar, ya juya shi, ya ce minti biyar. Rahama ta zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Kawu Nasidi, ina sauran ƙafafun kujerar Baba?"

Ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa. "Wace kujera?"

"Mai koren fenti."

"Ke 'yar sanda ta, ko ɗiyar Namadi?" Ya waiwaya hagu da dama. "Babanki yac ce kar mutanen gida su ji. Ni kuwa ban faɗi ba. Ki shaida ban faɗi ba."

"Ba ka faɗi ba, Kawu. Ni nig gani. Nawa kay yanke duka?"

Nasidi mutum ne da sirri ke yi wa nauyi a ciki. Ya ajiye dutsen gugar, ya jawo wani tsohon gwangwanin fenti daga ƙarƙashin teburi. Cike yake da guntayen ƙarfe, huɗu-huɗu, an ɗaure kowane kashi da waya, an rubuta lambar mota da alli.

"Ni ban zubar da ƙarfe," ya ce. "Motoci bakwai na. Babanki ya fara, mako guda bayan abin nan. Sauran sunka gani sunka ce su ma a sauke su. Kowa na son kansa ya ɓace daga taga."

"Soson fa?"

"Kyanwata ka kwana bisa nai."

Daga inda suke ana ganin duk motar da ta shiga tasha. Daidai lokacin wata farar mota ta iso daga Zurmi. Fasinjoji suka watse, amma direban bai fito ba tukuna. Ya buɗe ƙofa. Ya fito da ƙafa ɗaya. Ya kama saman ƙofar da hannu, ɗaya hannun a ƙugu, ya ɗago kansa kaɗan-kaɗan, ya tsaya a rusune kamar mai gaida surukai.

"Wanga fa, Kawu?"

"Na yanke mai."

Wata ta shigo. Direbanta ya yi tsalle ya fito, yana yi wa mai shayi ihu tun daga nesa.

"Wanga fa?"

"Ban taɓa motatai ba." Nasidi ya cire gilashin gaba ɗaya ya ajiye. Ya jawo wata tayar ya zauna kusa da ita.

Suka yi ta kallo har inuwa ta juya. Ba duka lissafin ya tafi daidai ba. Wani dattijo ya fito a duƙe, Rahama ta yi saurin cewa an yanke masa, Nasidi ya ce a'a, wannan shekara ashirin ya yi yana dako kafin ya koyi tuƙi. Wani saurayi kuma da aka yanke wa ya fito garau yana fito da baki. Amma cikin biyar da suka gani daga mutanen gwangwani, huɗu da hannu a ƙugu suka fito, kuma uku daga cikinsu kai tsaye suka nufi mai tallan maganin gargajiya da ke gindin lasifika.

"Ikon Allah," in ji Nasidi a hankali. "Wata huɗu ina kallon su kullum. Ni cewa nike tsufa ya zo masu tare." Ya sosa ƙeya. "Ke, kar ki ce ni nis sa masu ciwo. Abin da anka ce in yi niy yi."

"Dutsen gugar, Kawu."

"Af!"

A hanyar gida murna ta cika ta, irin ta wanda ya warware lissafin da ya gagari aji. Sai da ta hango ƙyaurensu ta tuna cewa Baba ya ce kada mutanen gida su ji, kuma ita ma mutumin gida ce. Ba za ta iya tsayawa gabansa ta ce ta gano abin da ya ɓoye ba. Ta samu Inna tana zuba gawayi a dutsen guga, ta tsuguna kusa da ita, ta faɗa mata komai da ƙaramar murya, tun daga dakalin su Salima har gwangwanin fenti. Maimunatu ba ta katse ta ba. Ta goge riga ɗaya, ta ninke, ta goge ta biyu. Sannan ta ce, "Maido 'yar tsugunon nan gaban keke."

Bayan La'asar Namadi yana kishingiɗe a tabarma, Gimbiya tana gefe tana ɓare gyaɗa. Maimunatu ta ce, "Baban Rahama, keken ga ya yi min nauyi yau. Ɗan taka ka ji ko wani abu ya kwance."

"Da wace ƙafa?" ya ce yana dariya. Amma ya tashi, ya lallaɓa, ya sauka a kan 'yar tsugunon da nishi. "Haba, wa ka aiki hakanga? Gwiwa sama, ƙugu ƙasa, mutum kamar an cusa shi cikin kwando. Ina doguwar—"

Bai ƙarasa ba. Ya dubi gwiwoyinsa. Ya dubi hannayensa da suka miƙe sama suna neman kan keke. Sannan ya dubi Rahama, wadda ke tsaye jikin ginshiƙin rumfa, tef ɗin awo har yanzu a wuyanta.

"Nasidi," ya ce.

"Ba shi ba na, Baba. Dakalin su Salima nid daina gani."

"Mi anka yi? Mi Nasidi yay yi?" in ji Gimbiya. Da Maimunatu ta yi mata bayani, tsohuwar ta tafa hannu. "Wata huɗu! Wata huɗu ina ɓarnar man shanuna bisa aikin mai walda! Ke kuma ƙawata, kin gano kin ƙi gaya min sai da nis sa anka sawo hayaƙi?"

Ƙananan yaran suka yi dariya don sun ga Kaka tana tafi. Namadi bai yi ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya dubi mahaifiyarsa.

"Inna, ranar nan na ce maku bayan mota anka samu. Ba haka ba na." Ya ɗaga hannu ya jera yatsu huɗu a saman kansa. "Ta gilashin gefena harsashi yash shigo, yaf fita ta rufi. Ga inda yab bi. Har iskatai ni ji bisa hula. Kwana bakwai in na zauna cikin mota sai in ji kaina ya yi tsawo, kamar duk dajin shi ɗai aka kallo. Shi na nis sa anka sauke ni."

Gimbiya ta ajiye gyaɗar. Rahama ta dubi yatsun nan huɗu, ta dubi tef ɗin da ke wuyanta, duk murnar da ta taho da ita daga tasha ta zube. Ita a zatonta kuskure ta gano, irin wanda ake gyarawa da jan biro.

"To a bar ta hakanan, Baba," ta ce. "Kar a ɗaga."

Ya miƙa hannu ya dafa kanta.

"Ni ban ce a ɗaga ba, ban ce a bari ba," in ji Maimunatu. "Kai ka bin hanya, ba ni ba. Amma mutumin asibiti ya tambaye ka yadda kaka zama, ka ba shi amsar da ba ita ba. Ka koma ka ba shi ta gaskiya."

Ranar Litinin ya koma. Da ya dawo ya ba su labari a taƙaice. Ma'aikacin ya sa shi ya kwatanta zaman a kan benci, ya kama baki. Ya ce in ƙugu ya nutse ƙasa da gwiwa, ƙashin baya lanƙwashewa yake yi, ga kuma ramukan hanya suna dukansa ba soson da zai tare, har jijiyar da ke sauka ƙafa ta matsu. Ya ce a mayar da kujera yadda take, a sa ɗan matashi a bayan ƙugu, duk inda ya sauke fasinja ya fito ya taka ƙasa kafin ya juyo. Ya koya masa wasu miƙe-miƙe na safe da yamma. Bai yi masa alkawarin warkewa kafin Laraba ba, ya kuma ce in ƙafar ta ƙara mutuwa ya dawo da gaggawa.

Yinin ranar Namadi a zaure ya yi shi, yana kallon motar. Rahama ta kai masa fura, ta dawo ta ɗauki kwanon, bai sha rabi ba. Ta so ta tambaye shi shawarar da ya yanke, ta ga ba fuska.

Washegari da ta dawo daga makaranta ta same shi tsaye da makulli a hannu.

"Ɗauko tef ɗinki," ya ce.

Ta shiga gaba ta zauna. Ya tuƙa a hankali, kansa can ƙasa, yana leƙen hanya ta saman sitiyari kamar yaro. Sai yanzu ta lura da haka.

"Baba, ba ka jin tsoro?"

"Ina ji." Ya kauce wa wani rami. "Jiya na yini ina tuna ranar nan, daki-daki. Kin san mi yaf fisshe mu? Ba duƙawa ba ta. Ban ma samu damar duƙawa ba. Da ni ji ƙara, ƙafag ga ta taka totur tun kafin in yi tunani. Mutum bakwai na cikin mota, har da mai goyo. Da ƙafar yau ta gare ni ranar nan..." Ya girgiza kai. "Na ɓoye kai, na kashe ƙafa. Kuma gwangwanin ƙofag ga ko tsinin ƙusa bai tarewa."

Nasidi ya gan su tun daga nesa, ya fara rantsuwa cewa shi bai faɗi ba. Namadi ya ce ya daina wahalar da kansa, ya fito da gwangwani. Aka kwance kujerar aka fito da ita rana. Nasidi ya kori kyanwarsa, ya duba soson, ya ce wannan ya zama nata, ya yanko sabo. Rahama ta riƙe tef, shi yana ɗiga walda yana tambaya, "Malama, ya kai?" Ita kuma ta ce, "Saura rabin inci, Kawu." Direbobi suka fara taruwa suna kallo. Wani ya ce, "Namadi, ɗiyarka ta zama injiniya?" Namadi ya ce, "Kai dai fara sakin ƙugunka sannan ka yi magana." Aka kwashe da dariya, har shi mai ƙugun.

Kwana ɗaya ba ya gyara abin da wata huɗu ya ɓata. Ranar Laraba da safe Namadi ya yi miƙe-miƙensa a tabarma, Gimbiya na yi masa tsiya wai ya koma rarrafe, ya tafi fili ƙafar tana ɗan ja. Rahama tana makaranta. Ba ta ji komai daga darasin ranar ba. Ana tashi ta bi ta shagon Nasidi, shi ya ba ta labari, yana yi yana kwaikwayo da hannu.

Jibrin ya cika motar da 'yan kamasho, ya tsaya tsakiyar filin ƙwallo da jarka a hannu. Ya ce Namadi ya taho da gudu, duk inda ya ga jarka ta faɗi ya tsaya. Na farko ya tsaya da tazara mai kyau. Na biyu ma haka. A na uku Jibrin ya yi kamar ba zai jefa ba, sai da motar ta zo daf ya sake ta. Tayoyi suka yi ƙara, 'yan kamasho suka gwara kai, motar ta tsaya hancinta na shafar jarkar.

"Shugaba ya daɗe yana kallon jarkar nan," in ji Nasidi. "Sannan yac ce, sahu ɗaya a rana har wata guda, kuma in yag gan shi zaune cikin mota yana jiran lodi, shi da kansa za shi fiddo shi ya zagaya tasha da ƙafa." Ya nuna gwangwanin da haɓa. "Ukku sun kawo nasu an maida. Biyu sun ce su dai a bar su ƙasa. Ban ga laifinsu ba."

Ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi, Rahama ta riga kowa fita ƙofar gida. Maimunatu ta ɗinka ɗan matashi da ragowar atamfa, ta miƙo a ba shi. Namadi ya gyara shi a bayan ƙugu, ya gyara madubi, ya yi addu'ar hawa. Motar ta tashi a bugu na biyu.

Rahama ta tsaya gindin dogon yaro tana kallo. Duk watannin nan in motar ta juya kwana, ba ta ganin komai ta taga sai saman hula. Yau ta ga hular duka, da kunne, da kafaɗa, zaune sosai a tsakiyar gilashi inda kowa zai iya gani. Ta ɗaga hannu, ya ɗaga mata, ya sha kwana.

Ta daɗe a wurin bayan ƙarar motar ta ɓace. Ta gane cewa babanta bai daina jin tsoro ba. Ya zauna a inda za a gan shi ne don ƙafarsa ta iya amsawa, saboda shi da mutanen da ke bayansa duk a kan ƙafar nan suke tafiya.